Faya-fayan Arlo Bakanike

Shekara goma sha tara na yi ina tsayawa a hannun daman Arlo Tangen, a sahun ƙarshe na mawaƙan garinmu, inda masu kaurin murya suke jeruwa. Bayanmu bango, gefenmu kuma tambura biyu na tagulla waɗanda in aka buga su sai ka ji haƙoranka suna rawa.

A nan Sundal, cikin jihar Dakota ta Arewa, ba ma kiran waƙar da sunanta. Babbar Waƙa kawai muke cewa, kowa ya gane. Wani Bajamushe ne ya tsara ta kusan shekara ɗari uku da suka wuce, ya ɗebo kalmominta daga Littafi Mai Tsarki, kuma in za a rera ta kaf sai ta haura sa'a biyu. Tun zamanin kakanninmu muke yin ta kowace shekara, ranar Lahadin da ke gaban bikin Ista, a zauren wasanni na makaranta. Mukan kai mutum ɗari da ashirin: manoman alkama, malaman makaranta, matar mai shagon magani, direban motar madara. Daga Janairu ake fara gwaji, duk ranar Talata, ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.

Arlo bakaniken tarakta ne, kuma da kunne yake aikinsa. Manomi zai buga masa waya ya ce inji ya ƙi, sai Arlo ya ce, "Jawo wayar bakin taga, ka tayar da shi in ji." Ya saurara kaɗan, sannan ya faɗa masa abin da zai kwance. Da wuya ya kuskure. Muryarsa kuwa, in ya saki ta, kamar an gangaro da durom a kan gadar katako. Mu na kusa da shi jingina muke yi da ita. In na ɓata a tsakiyar shafi, ba takarda nake dubawa ba, kunne nake karkatawa wajen Arlo.

Shi ma bai bar ni na huta ba. "Lyle, ka sake shigowa kafin lokaci," zai ce ta gefen baki. "Ina za ka da sauri haka, gidanka ne ya kama da wuta?"

Da kakar 1986 muryarsa ta dishe. Muka ce ƙurar sussuka ce. Kirsimeti ta zo ta wuce ba ta buɗe ba, matarsa Verna ta tasa shi gaba sai asibiti a Fargo. Sankara ce a maƙogwaro. Likitoci suka yanke abin da za su yanke, ya rayu, amma abin da ya rage masa na murya raɗa ce mai kaushi, kamar ana jan buhu a kan siminti. Yana da shekara hamsin da ɗaya, talatin daga ciki ya yi su a sahun ƙarshe.

Da Ista ta matso ya ce ba za shi zauren ba. Verna ce ta ba ni labarin yadda suka yi.

"To zauna ka yi ta kallon bango," ta ce masa. "Shekara talatin ina zuwa ina zama ni kaɗai a kan kujerar ƙarfen nan, bayana yana ciwo, don kawai in ga tsakar kanka daga nesa. Bana sai ka zo ka zauna kusa da ni, kai ma ka ɗanɗana."

Ya zo. Daga inda nake tsaye ina hango shi a layi na biyar, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kawo kotu. Aka fara. Ina waƙa ina satar kallonsa. Can na ga hannuwan sun sauko kan gwiwa. Can kuma na ga bakinsa a buɗe. Da aka zo wurin da kakaki da tambura suke shiga, jama'a duka su miƙe tsaye kamar yadda muka saba, sai da Verna ta ja shi da hannun riga sannan ya tashi.

Aka tashi, mutane suka watse, ana ninke kujeru, Arlo yana nan zaune. Na je na dafa shi.

"Yaya dai, tsoho? Mun ba ka kunya ko?"

Ya kamo hannuna ya jawo ni ƙasa, don sai ka sunkuya kake jin maganarsa.

"Lyle, ka san abin da matan nan masu siririyar murya suke yi lokacin da muke riƙe da dogon sautin nan namu?"

"Waƙa mana. Me kuma za su yi?"

"Amsa mana suke yi. Mu mu faɗa, su su amsa, gogen kuma ya ɗauka ya miƙa wa na gaba. Shekara talatin ana ba ni amsa, ban taɓa ji ba."

Gaskiyarsa ce, sai dai ni ban taɓa tunanin abin ba. Wanda ke sahun ƙarshe ba ya jin komai sai na kusa da shi da tambura. In ba lokacinka ba ne, kana ƙirga a zuci don kada ka makara. Mun san namu layin kamar yadda muka san hanyar gidajenmu, amma waƙar kanta ba mu taɓa jin ta ba.

Sati biyu bayan nan, da ya koma Fargo ganin likita, ya shiga shagon faya-fayai ya sayi na farko: kwali ɗaya, faifai uku a ciki, wasu mawaƙan Ingila su wajen ɗari uku suna rera Babbar Waƙa. Ya saurare shi har Verna ta fara yin waƙar a gaban tukunya ba tare da ta sani ba. Da bazara ya sake komawa, mai shagon ya ce masa akwai wani sabo, mutum ashirin ne kacal suka yi, da irin kayan kiɗan zamanin da aka rubuta waƙar. Arlo ya yi dariyar raini. Me mutum ashirin za su iya? Amma ya saya.

Ranar Asabar ya kira ni. Na same shi a ɗakin da ke bayan garejinsa, ya share kan teburin aiki ya ɗora garmaho.

"Zauna. Ji wannan."

Ya sa na mutum ɗari uku. Yana tafe a hankali, da nauyi, kamar jirgin ƙasa ɗauke da alkama. Haka mu ma muke yi, na gyaɗa kai. Ya ɗage allura, ya sa ɗayan, daidai wurin nan dai. Sai na ji abu yana tsalle, sakayau, kamar 'yan maruƙa da aka buɗe wa ƙofa bayan hunturu.

"Wannan ai rawa suke yi," na ce. "A coci?"

Ya buɗe tsohuwar takardar waƙarsa, wadda duk gefenta baƙin mai ne, ya ɗora yatsa.

"Duba. Ba wanda ya ƙara ɗigo ɗaya, ba wanda ya rage. Takarda ɗaya ce suke karantawa su duka. To yaya aka yi abu biyu suka fito?"

Daga wannan tambayar abin ya kama shi, bai kuma sake shi ba har ƙarshen ransa.

Ya fara rubuta wasiƙu zuwa shaguna a Minneapolis da Chicago da Toronto. Duk wanda zai yi tafiya daga Sundal, ko bikin aure za shi, sai Arlo ya cusa masa 'yar takarda a aljihu. Da kaset ya shigo ya tara kaset, da sidi ya shigo ya tara sidi, bai kuma yar da tsofaffin ba. Ya kafa katakai a bangon ɗakin daga ƙasa har rufi. Akwai na Jamus da aka rera da Jamusanci, akwai na Japan, akwai na wata majami'a a Afirka ta Kudu, akwai na yara maza zalla, akwai wanda aka ɗauka jim kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu, yana ƙara kamar ana suya. A bayan kowane kwali yakan yi rubutu da fensir, irin rubutun da yake yi wa injuna. "Yana wuyar tashi, amma in ya ɗauki zafi ba ya tsayawa." "Birki ya yi yawa." "Masu kaurin murya sun yi barci a shafi na arba'in." A kan wani kaset kuma ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Kada a sa wannan ana tuƙi."

Na tambaye shi dalili. Ya ce ya sa shi ne a mota yana hanyar zuwa gonar wani, da matar da ke waƙa a kaset ɗin ta fara sai ya ga titi ya yi masa dishi-dishi, ya gangara gefe ya kashe inji. Wani maƙwabci ya tsaya ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce, "Ashe motar bakanike ma tana mutuwa?" Arlo ya nuna masa kujerar gefe. Mutumin ya shiga. Suka zauna su biyu a gefen gonar alkama har matar ta gama, sannan kowa ya kama hanyarsa.

Asabar bayan abincin rana ta zama tawa da shi. Ba ma sauraron waƙar daga farko zuwa ƙarshe. Arlo yakan zaɓi wuri ɗaya, na minti uku ko huɗu, ya jero faya-fayai bakwai ko takwas, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Verna ta shigo da kofi da wainar dankali da ta sha man shanu da sukari, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Har yanzu wurin nan ne? Tun ƙarfe ɗaya? Ku biyun nan, da haka kuke sauraron matanku da tuni duniya ta gyaru."

"Verna, ke ma faifai ɗaya gare ki," in ji Arlo, "kuma na haddace shi."

Ta jefe shi da tsumman hannu, amma sau da yawa ba ta fita. Sai ta jawo kujera.

Wata Asabar ba zan manta da ita ba. Wurin da ya zaɓa shi ne inda murya ɗaya, ita kaɗai, take ba da labarin yadda aka wulaƙanta Mai Ceto, goge yana bin ta a hankali. Ya fara da tsohon faifan nan mai ƙarar suya. Mace ce, muryarta mai zurfi, tana jan kowace kalma kamar ba ta son ta rabu da ita. Na biyu namiji ne mai siririyar murya, tsaf-tsaf, ba rawar murya ko kaɗan. Ta uku wata ce daga Japan, tana yi ƙasa-ƙasa har sai da na matso da kujera. Muka bi guda bakwai. Da ya ɗage allura daga na ƙarshe, kofina ya huce ban taɓa shi ba.

"To wanne ya fi?" na ce, don dai in ce wani abu.

Ya girgiza kai.

"Ta farko kuka take yi masa, kamar ɗanta ne. Mutumin nan shaida yake bayarwa: na gani da idona, ga abin da aka yi. Ta Japan ɗin tsoro take ji, kamar da hannunta a ciki. Kuma ba wanda ya yi ƙarya, Lyle, duk suna nan a cikin takardar. Mutum ɗaya ne ya zauna da alƙalami da fitila ya rubuta wannan. Yana cin abinci kamar ni da kai, ƙila ma haƙori yana masa ciwo a ranar. Ta yaya ya zuba wannan duka a layi biyar?"

Ya daɗe yana kallon shafin. A shekarun da na san shi, ban taɓa jin ya ce ga faifan da ya fi kowanne ba, ko da wasa.

Rigima ta zo mana a 2004. Jagoranmu, Mista Haugen, ya ajiye sanda bayan shekara arba'in da biyar yana riƙe da ita. Aka ba sabuwar malamar kiɗa ta makaranta, Renata Vasek, mace mai shekara talatin da 'yan kai, mai fara'a amma ba ta da wasa a wurin aiki. A gwajin farko ta ɗaga hannu ta ba mu gudun da bai yi kama da wanda muka saba ba. Muka bi ta muna tuntuɓe. Kafin mu kai ƙarshen shafi na uku rabinmu sun faɗi a hanya.

Inga Moen ta rufe takardarta da ƙarfi. Inga sa'ar Arlo ce, aji ɗaya suka yi, ta fi shekara hamsin a sahun gaba, kuma in ta yi magana har fasto yakan gyara zama.

"'Yata," ta ce, "a nan ba tsere muke yi ba, ibada muke yi. Yadda iyayenmu suka rera ta haka muka tashi muka samu, haka kuma za mu bar ta."

Renata ta ce a natse, waƙar farin ciki ce a wannan wurin, kuma farin ciki ba ya jan ƙafa. Inga ta ce ita ta binne miji da ɗa, ba yarinya ce za ta koya mata bambancin farin ciki da gaggawa ba. Aka tashi dutse a hannun riga. Kafin sati biyu gari ya rabu. A shagon kofi ana musu, a wurin awon alkama ana musu, har akwai mata da miji da suka daina zuwa gwaji a mota ɗaya.

Inga ce ta fara zuwa wurin Arlo, ta tabbata nata ne.

"Kai da ka tara duniya a bayan gareji, fito ka gaya wa yarinyar nan yadda ake yi."

"Ni ba alƙali ba ne, Inga. Amma ku zo ɗakin ƙasan coci ranar Lahadi bayan sujada. Zan sa muku wuri ɗaya sau biyar. Ba zan faɗi ko su wane ne ba. Ku zaɓa da kunnenku."

Ranar muka cika ɗakin, har da waɗanda ba sa waƙa. Na taya shi shigo da kaya: garmaho, na'urar sidi, da wata tsohuwar na'ura mai zaren tef a kan faifai biyu wadda ban taɓa ganin ta a ɗakinsa ba. Ya zaɓi wurin da mace ɗaya take fara ba da albishir, sannan jama'a duka su karɓa.

Na farko mai nauyi ne, 'yan ɓangaren Inga suka yi ta gyaɗa kai. Na biyu mai sauri, matasa suka yi murmushi. Na uku tsaka-tsaki, bai gamsar da kowa ba. Sannan Arlo ya koma wajen tsohuwar na'urar ya murɗa.

Aka ji shuuu, aka ji wani yana tari, kujera ta yi ƙara. Goge ya shigo, ɗaya daga ciki bai daidaita ba. Sai wata yarinya ta fara waƙa, da gudu, murya tar kamar ƙararrawa, tana hawa sama ba ko tsoro. Jama'a suka karɓa da irin gudun nan, suna ture juna, masu kaurin murya suna ruri a baya. Ya fi na Renata sauri nesa ba kusa ba.

Dariya ta ɓarke. "Waɗannan jirgi ne zai bar su!" in ji wani daga baya.

"Kun ji ko?" in ji Inga, ta juyo tana duban mutane. "Ga inda za a kai mu. Wannan yarinyar wa ya biyo ta? Ko numfashi ba ta yi. Da 'yata ce da na zaunar da ita na ba ta ruwa."

A kusa da ita akwai ƙanwarta, wadda tun da aka fara ta toshe baki da hannu. Ta sauke hannun ta ce, "Yaya Inga, ke ce."

"Ni ce me?"

"Ke ce kike waƙar. Na san muryar nan. Ɗaki ɗaya muke kwana kina gwada ta."

Inga ta dubi Arlo. Ya tsayar da tef ɗin. Sai da ɗakin ya yi tsit sannan aka ji raɗarsa.

"Zauren makaranta, Lahadi kafin Ista, 1959. Shekarar farko ta Haugen, yana da ashirin da bakwai. Mai gyaran wutar makaranta na lokacin ne ya ɗauka. Na tsinci tef ɗin a cikin kwalin tarkace, ranar da aka yi gwanjon kayan gidansa."

Ashe Haugen da gudu ya fara. Yana tsufa yana rage tafiya, kowace shekara kaɗan, mu ma muna tsufa tare da shi, har muka ɗauka haka waƙar take tun asali.

"Maimaita," in ji Inga. Muryarta ta canza.

Ya mayar da zaren baya ya sake sa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Inga ta zauna ƙiƙam, hannuwa a cinya, tana sauraron yarinya 'yar shekara ashirin da huɗu da ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba. Da jama'a suka karɓa, sai aka fara jin ƙananan maganganu ko'ina a ɗakin. "Mama ce waccan, mai ɗan makara ɗin nan." "Tarin nan na Kawu Nels ne, wallahi nasa ne." Ni kuma, a ƙarƙashin kowa, can ƙasa, na ji wata murya tana shigowa kafin lokaci da ɗan kaɗan. Mahaifina. Ya rasu ina da shekara goma sha bakwai, kuma na ɗauka na manta yadda muryarsa take. Fiye da rabin mutanen da ke cikin tef ɗin suna kwance a maƙabartar da ke bayan bangon da muke jingine da shi, ga su kuma suna waƙa da ƙarfinsu, matasa, suna gaggawa.

Ba a kai ga sa na biyar ba. Sau huɗu muka saurari na huɗun.

Da za a tashi Inga ta zo ta tsaya a gaban Arlo, idanunta jawur.

"Kai mugu ne tun muna aji uku," ta ce.

"Ban san za ki zagi kanki ba, Inga. Na ɗauka za ki gane tun kalmar farko."

"Yarinyar ta iya waƙa dai, ko?"

"Ta iya. Duk abin da na tara, ba wadda ta hau wurin nan da rashin tsoro irin nata."

Muna kwashe kaya na tambaye shi tun yaushe tef ɗin yake hannunsa. Ya ce shekara biyu. Na ce, shekara biyu, kuma ko ni bai gaya mini ba? Ya yi ta naɗe waya bai dube ni ba.

"Ina ciki, Lyle. Shekarata ta uku ke nan a sahun baya. Na yi ta nema ko zan ji kaina, ban so kowa ya gan ni ina nema ba."

"Ka ji?"

"Ban ji ba. Na saurara ya fi sau ɗari. Na ji babanka, na ji Nels, ban ji ni ba." Ya sa wayar a kwali. "Da farko abin ya yi mini ciwo. Daga baya na ga ai haka ya kamata. Wanda ake ji shi kaɗai a cikin mutum ɗari, kuskure yake yi."

Kada a ce rigimar ta mutu a ranar. Mutum tara sun bar ƙungiyar duk da haka, wasunsu ba su dawo ba har yau. Renata ta rage gudu kaɗan, don ta gane huhun 'yan shekara saba'in ba na 'yan ashirin ba ne, Inga kuma ta tsaya a sahun gaba ta bi sandarta ba tare da ta sake gardama ba. A ranar waƙar, a wani wuri mai wuya, saura ƙiris mu wargaje, muka dai haɗu a ƙarshen shafi kamar da ikon Allah. Arlo ya ɗauka a kaset, ya jera a kan katako tsakanin na Jamus da na Japan. Na leƙa abin da ya rubuta a baya: "Taya ɗaya ta kusa fita. An isa gida."

Verna ta rasu a 2010. Bayan shekara biyu ƙafafunsa suka ƙi, 'yarsa ta kai shi gidan kula da tsofaffi da ke bakin gari. Ɗakin ƙarami ne, ba wurin katakai. A lokacin abin da ya tara ya kai ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ya ce kada a sayar, kada kuma a kai ɗakin karatu su yi ƙura. Ya sa na kwaso su zuwa gwajin Talata, kowane mawaƙi ya ɗauki ɗaya ko biyu, da sharaɗin in ya gama ji ya yi musaya da na kusa da shi. Har yanzu suna yawo a gari. Wani lokaci ka shiga motar mutum ka ga rubutun fensir ɗin Arlo a kan kujera.

A gidan tsofaffin akwai wata nas mai suna Luz, 'yar ƙasar Filifin, wadda take yi masa wanka da safe. Wata rana tana gyara masa gado tana 'yar waƙa a hanci, sai ya kama hannunta.

"A ina kika san wannan?"

Ta ce a cocinsu, can ƙauyensu a bakin teku. Kowace shekara suna yin wani yanki nata, ba su da goge ba su da kakaki, sai piyano ɗaya da wasu maɓallansa suka mutu. Yayanta ne yake jagora, shi kuma masunci ne.

Arlo ya ce ko akwai wanda ya taɓa ɗauka.

Bayan sati uku ta shigo da wayarta. Ina wurin ranar, da hantsi ne. Ta jingina wayar da kofin ruwa a kan teburinsa ta danna. Mutum kamar talatin ne a cikin wani ɗaki mai rufin kwano, fanka tana juyawa a sama, yara suna kai da kawo, wani zakara yana cara a waje. Suka fara. Lafazinsu daban, piyanon yana tangaɗi, amma ita ce, Babbar Waƙa, kowane layi a wurinsa. Arlo ya rufe ido. Leɓunansa suna bin layin masu kaurin murya.

Da ta ƙare ya daɗe bai buɗe idon ba. Luz ta dube ni, ta ɗauka ko barci ya ɗauke shi.

"Masunta," ya ce a ƙarshe. "Can ƙarshen duniya." Ya share fuska da bayan hannu. "'Yata, mutumin nan na hagu mai shuɗiyar riga, wane ne?"

"Kawuna ne, Baba."

"Ki gaya masa yana da murya. Amma ya ja numfashi tun kafin dogon wurin nan, kada ya bari sai ya shiga. Sake sa mana."

Ta sake sawa. Ta kuma isar da saƙon, kawun ya aiko da godiya da hotonsa riƙe da wani ƙaton kifi. Hoton yana manne a bangon ɗakin lokacin da Arlo ya rasu, a watan Oktoba na 2013, ana tsakiyar girbin masara, yana da shekara saba'in da bakwai.